Yadda Ake Gwada Manhaja a Fagen Fama Ba Tare da An Cutar da Jama'a Ba

Tun bayan wani zama da muka yi da matasa masu rubuta manhaja a Barnawa, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini: ya halatta a gwada manhaja a inda mutane suke amfani da ita da kuɗinsu da bayanansu? In ya halatta, ta yaya? A zaman ma an rabu gida biyu. Wasu suka ce ganganci ne, duk gwaji a gama shi a ɗakin gwaji, wato sabar (kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta) da 'yan sana'ar ke kira sitejin. Wasu suka ce ai Netflix ma a kan manhajarta mai aiki take gwaji, don haka a tura kawai a ga abin da zai faru.

Ga matsayata. Ranar da ka saki sabuwar siga, ko ka so ko ka ƙi, gwaji kake yi a kan jama'a, domin babu ɗakin gwajin da ke da wayar Itel mai cikakkiyar ma'adana a hannun uwa a Rigasa, a lokacin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Tunda gwajin ba makawa, abin da ya rage shi ne a yi shi da niyya, a kan mutane kaɗan, ido a buɗe, da hanyar janyewa. Sabar ta gaske, wadda ake kira furodakshan, ita zan riƙa kira fagen fama. Misalin da zan riƙe har ƙarshe kuwa shi ne manhajar biyan kuɗin makaranta, wadda ake son ƙara mata damar biya kashi-kashi, domin irin aikin da yawancinmu ke samu ke nan a Kaduna.

1. Gama gwajin gida tukuna

Wannan matakin ba ya buƙatar dogon bayani, amma shi ne aka fi tsallakewa da sunan "ai za mu gwada a fage". Duk abin da kwamfutarka za ta iya kamawa, ta kama shi kafin ya isa ga kowa: lissafin kashi uku na naira 90,000 ya ba da 30,000 sau uku, ragowar kobo ba ta ɓace ba idan kuɗin bai rabu daidai ba, shafi yana buɗewa, makullan sirri na gwaji da kamfanin biyan kuɗi ya bayar suna aiki. Sa wani abokin aiki ya karanta kod ɗin. Abin da za ka kai fagen fama shi ne tambayoyin da gida ba zai iya amsawa ba kawai.

Rubuta waɗannan tambayoyin a takarda kafin ka ci gaba. Idan ba ka iya faɗin abin da kake son sani a jimla ɗaya ba, ba gwaji za ka yi ba, caca ce.

2. Tanadi hanyar komawa baya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka taɓa komai, abubuwa biyu su kasance a hannunka: tsohuwar siga da za ka iya maidowa cikin 'yan mintuna, da kwafin rumbun bayanai wanda ka taɓa buɗewa da kanka ka ga yana aiki.

Game da siga, sa wa kowace fitarwa alama a Git (kayan aikin da ke ajiye tarihin canje-canjen kod), ka rubuta umarnin komawa baya a fayil guda, sannan ka gwada shi sau ɗaya a ɗakin gwaji kana duban agogo. Idan ya ci rabin awa, gyara shi ya dawo minti biyar.

Game da kwafin ajiya, a nan mutane ke yaudarar kansu. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin ajiye kod na GitLab ya goge bayanan babban rumbunsu bisa kuskure, yana zaton a kan sabar ta biyu yake aiki. Da suka waiwayi hanyoyin ajiyarsu, sai suka tarar ba su aiki yadda ake zato. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin nan, kuma bayanan waɗannan awannin sun tafi ke nan. Kamfani ne mai ƙwararru. Saboda haka ka ɗauki kwafinka na jiya, ka zuba shi a wata sabar daban, ka nemi sunan ɗalibi guda da biyansa na ƙarshe. Sai ka gan su sannan za ka ce kana da ajiya.

Hattara: maido da tsohon kod ba ya maido da tsohon fasalin rumbu. Idan sabuwar siga ta goge wani ginshiƙi na teburin bayanai ko ta canza masa suna, tsohuwar za ta dawo ta tarar da gidan da ba ta sani ba. Bi wannan tsari: fara da ƙara sabon ginshiƙi ka bar tsohon, sa manhajar ta riƙa rubutu a duka biyun, bayan mako ɗaya ko biyu ka koma karatu daga sabon, sai can daga baya, a wata fitarwa daban, ka cire tsohon. Yana da jan lokaci, na sani. Amma shi ne yake ba ka damar ja da baya a kowane mataki.

3. Sa ido kafin ka saki

Wanda ke jiran iyayen yara su kira shi kafin ya san manhaja ta lalace, ya mai da su ma'aikatansa ba tare da albashi ba. Kuma yawancinsu ba za su kira ba. Za su rufe wayar su tafi banki ko wajen mai POS, su kuma gaya wa maƙwabta cewa abin ba ya aiki.

Kayan aiki uku sun isa a fara. Sentry, ko Firebase Crashlytics idan manhajar waya ce, domin su kama kowace tangarɗa da layin kod ɗin da ya haifar da ita da irin wayar da abin ya faru a kanta. UptimeRobot, wanda tsarinsa na kyauta yake leƙa shafinka duk minti biyar ya sanar da kai idan ya faɗi. Sai kuma allon ƙidaya naka na kanka, ko da tambaya ɗaya ce kake yi wa rumbu, mai nuna mutum nawa suka fara biya da kuma nawa suka kammala cikin awa guda. Wannan na ukun ya fi sauran muhimmanci, domin sabar tana iya kasancewa lafiya lau, babu kuskuren 500 (alamar gazawar sabar) ko ɗaya, alhali maɓallin biya ya ɓuya a ƙasan allon ƙaramar waya. Manyan kayan sa ido irin Prometheus da Grafana suna da kyau ƙwarai, amma kada rashin su ya tsayar da kai.

Bar waɗannan kayan su yi mako guda suna aiki a kan tsohuwar siga. Ta haka za ka san yadda lafiya take kama. Idan ba ka san cewa a ranar yau da kullum mutum nawa cikin goma ke kammala biya ba, ranar saki ba za ka gane an samu raguwa ba.

Daga nan ka yanke iyaka a rubuce tun kanka yana sanyi. Tawa ita ce: an cire kuɗin mutum ɗaya ba a rubuta masa ba, a kashe nan take; tangarɗa ta ninka ta tsohuwar siga, a kashe; masu kammala biya sun ragu a fili, a dakata a bincika. Ranar saki zuciya tana son ta ce "bari mu ƙara gani", shi ya sa ake yanke hukuncin tun kafin ranar.

Hattara: kada rajistar da manhaja ke rubutawa ta ƙunshi lambar kati, kalmar sirri, BVN ko NIN. Yi amfani da lambar shaidar ciniki kawai.

4. Ɓoye sabon abu a bayan makunni

A nan ne asirin aikin yake. Ɗora kod a sabar abu ne daban, nuna wa mutane shi kuma abu ne daban. Makunni wani sharaɗi ne a cikin kod wanda ke cewa: idan an kunna wa wannan mutumin, nuna masa biya kashi-kashi, in ba haka ba, bar shi da tsohon shafi. Sai ka ɗora sabuwar siga makunnin yana kashe ga kowa. Babu wanda ya ga canji, kai kuwa kod ɗinka ya riga ya shiga fage.

Ba sai ka sayi komai ba. Tebur guda a rumbunka mai ɗauke da sunan makunni, da jerin waɗanda aka kunna wa, da kason da ake so, ya wadatar. In kana son na shirye, akwai Firebase Remote Config, akwai Unleash da Flagsmith waɗanda za ka iya ɗorawa a sabar ɗinka. LaunchDarkly shi ne sananne a manyan kamfanoni.

Idan da kaso za ka zaɓi mutane, zaɓin ya dogara da lambar shaidar mai asusun, kada ya zama ƙuri'a a kowace shiga. In ba haka ba, uba zai ga biya kashi-kashi da safe, ya tafi neman kuɗi, ya dawo da la'asar ya tarar babu.

Hattara ta farko: Remote Config a saitinsa na asali ba ya sake ɗauko sabon umarni sai bayan awa 12. Ka kashe makunni da azahar, wayar mutum ta ci gaba da nuna abin har dare. Ko ka kunna tsarin sabuntawa nan take, ko kuma, wanda na fi so ga duk abin da ya shafi kuɗi, sabar ce za ta riƙa yanke hukunci, ba wayar ba.

Hattara ta biyu: kada ka sake amfani da sunan tsohon makunni. A ƙarshen Yulin 2012 kamfanin hada-hadar hannayen jari na Knight Capital a Amurka ya ɗora sabon kod a sabar bakwai cikin takwas, aka manta da ɗaya. Makunnin da suka kunna ranar 1 ga Agusta tsohon suna ne da aka ba sabon aiki, a sabar ta takwas kuwa sai ya tada wani tsohon kod da aka daɗe da daina amfani da shi. Cikin kimanin minti 45 suka yi asarar dala miliyan 440. Darasi biyu ne a nan: sabon makunni, sabon suna, kuma kafin ka kunna, tabbatar kowace sabar tana ɗauke da siga ɗaya.

5. Gwada da kanka, da kuɗinka

Yanzu buɗe asusun gwaji a fagen fama: ɗalibi na ƙarya, a aji na ƙarya, da alama a rumbu mai nuna cewa na gwaji ne. Alamar ita ce za ta sa rahoton akanta ya tsallake shi. Idan babu ita, ƙarshen zango lissafin makaranta zai ƙi daidaituwa, kuma mai kula da kuɗi ne za a fara zargi, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kunna makunnin ga wannan asusun kaɗai, ka biya da katinka na gaske. Naira 100 ta isa. A kamfanin biyan kuɗi na Paystack kuɗin ciniki na cikin gida kashi 1.5 cikin ɗari ne da ƙarin naira 100, amma ana yafe ƙarin idan cinikin bai kai naira 2,500 ba, don haka gwaji goma ba zai ci maka abin kirki ba. Gwada da kati, gwada da tura kuɗi ta banki, gwada da USSD, domin kowanne da halinsa.

Bayan wanda ya tafi daidai, sai ka shiga ɓata abin da gangan. Danna maɓallin biya sau biyu da sauri. Kashe data daidai lokacin da banki ya cire kuɗin. Rufe manhajar kafin shafin tabbaci ya fito. A duk waɗannan, tambayar ita ce: an rubuta biyan sau ɗaya tak? Saƙon tabbacin da kamfanin biyan kuɗi ke aiko wa sabar ɗinka yana iya makara, yana kuma iya zuwa fiye da sau ɗaya. Sa rumbunka ya ƙi karɓar lambar ciniki ɗaya sau biyu, kuma kada ka gaskata abin da wayar mutum ta ce, tambayi kamfanin kai tsaye daga sabar kafin ka rubuta "an biya".

Hattara: Paystack da kobo yake lissafi. Naira 100 ita ce 10000. Duba kuma makullin sirri na Paystack da ke sabar: na gwaji yana farawa da sk_test, na gaske da sk_live. Idan ka bar na gwaji a fage, manhaja tana iya nuna an biya alhali ko sisi bai shiga asusun makaranta ba.

Hattara kuma da saƙonni. A Yunin 2021 dandalin kallon finafinai na HBO Max ya aika wa ɗimbin masu rajista da shi imel na gwaji bisa kuskure. Nasu bai cutar da kowa ba. Naka kuwa, idan saƙon "ana bin ka bashin kuɗin makaranta" ya tafi ga duk iyaye, har da waɗanda suka biya, to mutuncin makarantar ka taɓa. Sa shinge a kod: asusun gwaji ba ya aika saƙo sai ga lambobin da ke cikin wani gajeren jeri naka.

Kada ka shiga asusun mutum na gaske don ka gwada, ko da kana da ikon yi. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana aiki a kan ƙaramin mai manhaja kamar yadda take aiki a kan banki, kuma idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, awa 72 aka ba da a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC. Ko babu doka ma, amana ce aka ba ka.

6. Zaɓi rana

Talata ko Laraba, da hantsi, lokacin da kai da abokin aikinka kuke zaune, wuta ko inbata tana nan, kuma kana da layin data na biyu na wani kamfani daban. Ban da yammacin Alhamis, ban da Juma'a, ban da jajibirin Sallah ko Kirsimeti. Ga manhajar makaranta, ban da makon farko na zango da ƙarshen wata lokacin da albashi ya shigo, domin a nan ne kowa ke biya.

Wasu suna son tsakar dare saboda babu kowa. Ga sauya fasalin rumbu, na yarda. Ga gwajin sabon abu kuwa, rashin mutane yana nufin ba za ka ga komai ba, sai gari ya waye matsalar ta fito kana barci.

Sanar da mai makarantar da wanda ke amsa wayar iyaye. Canji ɗaya a rana: taura biyu ba ta taunuwa, kuma idan ka saki abu uku tare aka samu matsala, ba za ka san wanne ne ba.

7. Saki kaɗan-kaɗan

Turawa suna kiran wannan matakin da sunan kanari, saboda masu haƙar kwal a Birtaniya sun kasance suna shiga rami da tsuntsun, in iska ta gurɓace shi zai fara nunawa. Mu muna da zakaran gwajin dafi. Sai dai a nan zakaran mutum ne mai haƙƙi, don haka zagayen farko ya zama na waɗanda suka sani kuma suka yarda: malaman makarantar da 'ya'yansu ke karatu a ciki, da iyaye biyar ko goma da ka kira ka ce musu, "Alhaji, akwai sabon tsari da muke so ku fara gwada mana, in an samu matsala ga lambata." Za ka yi mamakin yadda mutane ke taimakawa idan aka girmama su aka gaya musu gaskiya.

Manyan kamfanoni suna farawa da kashi ɗaya cikin ɗari. Idan iyaye 300 gare ka, kashi ɗaya mutum uku ne, kuma wataƙila babu wanda zai biya a makon. Saboda haka raba da aji ko da reshe: aji ɗaya na kwana biyu, sai ɓangaren firamare, sai reshen Kawo, sannan kowa. Kada ka matsa gaba saboda lokaci ya cika, matsa saboda an yi ciniki isasshe kuma allonka bai nuna bambanci da tsohuwar siga ba.

Ga manhajar waya, Google Play yana ba ka damar zaɓar kason da zai samu sabuntawa, da kuma dakatar da ita. Na Apple kwana bakwai ne a jere: kashi 1, 2, 5, 10, 20, 50, sannan 100, kuma ana iya tsayar da shi.

Hattara: dakatarwa ba ta cire sigar daga wayar da ta riga ta sauke ta. Waɗannan sai ka fitar da gyara mai lambar siga ta gaba, ka jira su sabunta, kuma mun san mutanenmu da yawa suna kashe sabuntawa don tattalin data. Shi ya sa makunnin mataki na 4 ya fi kason Google Play amfani.

Wanda ke ganin wannan jan ƙafa ne ya tuna 19 ga Yuli 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani ƙaramin fayil na sabuntawa ga abokan cinikinsa gaba ɗaya, kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 suka durƙushe bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya. Fayil ɗin ya bi ta na'urar tantancewarsu ya wuce. Cikin gyare-gyaren da suka yi alkawari bayan nan akwai sakin irin wannan fayil mataki-mataki.

8. Abubuwan da sai a fage suke fitowa

Wannan jerin daga abin da na gani ne a nan gida, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa ɗakin gwaji bai isa ba.

Sunaye. Na taɓa sakin fom ɗin rajista wanda ya ci duk gwajin da muka yi masa, domin sunayen da muka gwada da su Musa ne da Amina. A ranar farko wata uwa ta kasa yi wa 'yarta Sa'adatu rajista, fom ɗin ya ƙi karɓar alamar da ke tsakiyar sunan. Ta hau Keke ta zo makarantar da kanta, da goyo, a cikin rana. Abin ya daɗe yana damuna, domin wahalar da muka ce za mu ɗauke mata ita muka ɗora mata. Tun daga ranar, Mu'azu da Ɗanjuma da Ƙasimu da 'Yar'adua suna cikin jerin gwajina, kuma ina bin su har cikin rasit da saƙon tes, inda ƙ da ɗ suke komawa alamar tambaya.

Lambobin waya. Wani zai rubuta 0803, wani +234803, wani 234 da tazara a tsakani. Idan ba ka mai da su fasali ɗaya ba, mutum ɗaya zai zama uku a rumbunka.

Lambar sirri ta tes. Layukan da aka sa wa DND (tsarin hana damuwa) ba sa karɓar saƙon talla, don haka idan ta hanyar talla kake aika lambar shiga, ba za ta isa ba. Nemi hanyar saƙon ciniki a wajen mai ba ka hidimar, ka gwada a MTN da Airtel da Glo da T2 (tsohon 9mobile) ɗaya bayan ɗaya.

Agogo. Yawancin sabar suna kan agogon duniya na UTC, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Wanda ya biya da ƙarfe 12:30 na dare ranar 1 ga wata, rumbu zai rubuta shi a watan da ya wuce. In akwai tarar makara, ka ga inda rigima za ta taso.

Wayoyi da sabis. Ari tsohuwar Tecno ko Itel, ka fita daga ofis. Tsaya a cikin Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Gumi da rana tsaka, ka je Rigasa ko Mando da yamma, ka yi ƙoƙarin biya. Awa biyu a waje za su nuna maka abin da mako guda a kan wayfai ba zai nuna ba.

9. Idan ta ɓaci

Kashe makunni tukuna, bincike daga baya. Kada ka tsaya gyara kod a kan sabar mai aiki mutane suna ci gaba da faɗawa ramin. Bayan ka kashe, fitar da jerin duk wanda abin ya shafa daga rajista, ka kira su kafin su kira ka. Wanda aka cire wa kuɗi a gaya masa ranar da za a daidaita masa, a kuma cika.

Washegari ku zauna ku rubuta shafi ɗaya: me ya faru, ƙarfe nawa, ta yaya muka sani, me ya sa gwajin gida bai kama shi ba. Ba neman mai laifi ake yi ba. Yaron da aka ci wa mutunci a kan kuskure ɗaya, na gaba ɓoyewa zai yi. Sannan a mai da matsalar gwaji mai sarrafa kansa a mataki na 1, don kada ta sake kaiwa fage.

10. Kuɗin da za a kashe, da abin da ba a gwadawa a kan mutane

Kayan sa ido da na ambata duk suna da tsarin kyauta wanda ya ishi ƙaramar manhaja. Ƙaramar sabar ta gwada maido da ajiya a kamfanin hayar sabar na DigitalOcean tana farawa daga dala 4 zuwa 6 a wata, kuma kana iya kashe ta bayan ka gama. Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple dala 99 duk shekara. Abin da ya fi tsada shi ne lokacin mutum biyu da za su zauna gaban allo ranar saki. Sa shi a cikin farashin da za ka ba mai aikin tun farko, ka bayyana masa dalili, domin idan ba a biya wannan lokacin ba, shi ake fara yankewa.

Akwai kuma inda masu cewa ganganci ne suke da gaskiya ɗari bisa ɗari. Lissafin magani a manhajar asibiti, umarnin da ke goge bayanai, tura albashin ma'aikata, sakamakon jarrabawa: duk abin da in ya lalace ba a iya mai da shi, ba a gwada shi a kan mutane ko da mutum ɗaya ne. Abin da ake yi a nan shi ne gwajin inuwa. Sabon kod ya riƙa lissafi a ɓoye a kan bayanan gaske, yana ajiye amsarsa a gefe ba tare da ta shafi kowa ba, kai kuma kana kwatanta ta da amsar tsohon har tsawon wata guda ko zango guda. Sai sun daidaita, ko ka fahimci dalilin kowane bambanci, sannan a ba shi wuƙa da nama.

Batun Netflix kuma: gaskiya ne sun ƙera Chaos Monkey, wanda ke kashe sabar ɗinsu da gangan a lokutan aiki don su tabbatar sauran za su ɗauki nauyin. Amma suna da sauran da za su ɗauka. Idan sabar ɗaya gare ka, ka riga ka san abin da zai faru in ka kashe ta. Haka ma gwajin cunkoso da kayan aiki irin k6: yi shi a kan kwafin sabar, kuma ka cire haɗinsa da kamfanin biyan kuɗi da na aika saƙo kafin ka fara.

11. Share fage

Bayan kowa ya koma sabon tsari, an kuma yi mako biyu lafiya, cire makunnin da tsohon kod ɗin da ke bayansa a fitarwa ta gaba. Sa ranar cirewar a kalanda tun ranar da ka ƙirƙire shi, in ba haka ba za su taru har a rasa wanda ya san aikin kowanne. Daidaita kuɗin gwajin da ka biya da akantan makarantar, a rubuta su a matsayin gwaji. Asusun ɗalibin ƙarya kuwa bar shi, ka canza masa kalmar sirri, ka sa ƙaramin kod ya riƙa shiga da shi kowace safiya yana buɗe shafin biya har zuwa matakin ƙarshe kafin cire kuɗi, ya turo maka saƙo idan ya kasa.